Na'urar Riƙe Layi a Mota: Tambayoyi da Amsoshi Kan Inda Ƙarfinta Ya Tsaya

Motocin da ake sayowa 'yan shekarun nan, sababbi da na hannu, da yawansu suna zuwa da wani ɗan maɓalli mai hoton mota tsakanin layi biyu. Wasu direbobin ba su taɓa danna shi ba. Wasu kuma sun danna, suka ji sitiyari yana motsi da kansa a hannunsu, suka ɗauka mota ta koyi tuƙi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu irin waɗannan motoci suka fi yi.

Wai me wannan na'ura take yi ne takamaimai?

Abu uku ne ake haɗawa a kira su da suna ɗaya, kuma daga nan ruɗanin yake farawa.

Na farko mai gargaɗi ne kawai. Idan tayarka ta fara taka layi ba ka kunna sigina ba, sai ya yi ƙara, ko sitiyari ya yi rawa, a wasu motocin ma kujerar direba ce take girgiza. Ba ya taɓa tuƙin. Na biyu shi ne mai ɗan turo mota: yana jira sai ka kusa ƙetare layi, sannan ya murɗa sitiyari kaɗan ya maido ka, ko ya ɗan taɓa birkin tayoyin gefe ɗaya. Na uku shi ne mai riƙe mota a tsakiyar layi koyaushe, yana ta gyara sitiyari a hankali ba tare da jiran ka kauce ba.

Kowane kamfani da sunan da ya laƙaba. A Toyota za ka ga LDA da LTA, a Honda LKAS, a Volkswagen Lane Assist, a Hyundai da Kia LKA da LFA. Sunan ba ya gaya maka wanne daga cikin ukun ke motarka, littafin motar ne zai gaya maka. Wanda yake da na biyu ya ɗauka na uku ne, zai ga motarsa tana tangaɗi daga wannan layi zuwa wancan kamar ƙwallo tsakanin bango biyu, domin ba a ƙera ta don ta tsaya a tsakiya ba.

Abin ba sabo ba ne. An fara sa mai gargaɗin a manyan motocin Mercedes Actros a Turai a 2000, Nissan ta sa mai taimakon sitiyari a motarta Cima a Japan a 2001, Honda ta biyo baya a 2003. Sama da shekara ashirin ke nan, an inganta shi ƙwarai, amma tushen rauninsa yana nan inda yake.

Da me take ganin hanya?

Da kyamara guda, wadda take manne a saman gilashin gaba, bayan madubin tsakiya. Kwamfutar motar tana duba hoton tana neman inda fari ko rawaya ya bambanta da baƙin kwalta, ta ja layi a lissafinta, ta auna nisan taya da shi.

Wannan shi ne abin da ya kamata kowa ya riƙe: fenti take bi, ba hanya ba. Kai direba idan fenti ya goge, kana ganin bakin kwalta, da jerin fitilun motocin da ke gaba, da bishiyoyi, da yadda hanya ta karkata, ka kuma tuna cewa bayan wancan ƙauye akwai kwana. Ita ba ta da ko ɗaya daga cikin wannan sani, sai ɗan abin da wasu sababbi suke ƙarawa na bin motar da ke gabansu. Radar da ke gaban mota, wanda yake auna tazara, ba ya ganin fenti sam.

Me ya sa alamar take zama kore wani lokaci, wani lokaci kuma ta dushe?

Idan layukan da ke dashbod sun cika ko sun yi kore, tana ganin layi kuma a shirye take. Idan suka dushe ko suka zama toka-toka, ta janye hannunta. Abin damuwar shi ne yawancin motoci ba sa yin wata ƙara lokacin da wannan ya faru. Shiru take sauka daga aiki, kamar mai gadin da ya bar ƙofa bai yi sallama ba.

Gudu ma yana cikin dalilai. Mai gargaɗi da mai turo mota ba sa farkawa sai an kai wani mataki: kimanin kilomita 50 a awa a Toyota, wajen 65 a Ford, wajen 72 a LKAS na Honda. A Najeriya ƙa'idar gudun ƙaramar mota a cikin gari kilomita 50 ce, ke nan a tuƙin cikin gari kusan a barci take. Don manyan hanyoyi aka yi ta.

Hanyar da nake bi ba ta da layi ko kaɗan. Akwai abin da za ta yi mini?

Kusan babu. Wasu sababbin motoci suna iya gane bakin hanya, wato inda kwalta ta ƙare ciyawa ko tsakuwa ta fara. Amma wannan ma yana buƙatar bambancin launi a fili. Inda rairayi ya hau kan kwalta ya rufe gefenta, ko bakin hanyar ya zaizaye ya zama kamar haƙoran zarto, babu abin da za ta kama.

Ni a ganina ma hanyar da ba ta da layi kwata-kwata ta fi sauƙin sha'ani, domin na'urar za ta kashe kanta, kai ma ka san kai kaɗai ne. Mai hatsarin ita ce hanyar da layinta yake nan na kilomita biyar, ya ɓace na biyu, ya sake dawowa. A irinta ne direba yake sakin jiki a daidai wurin da aka bar shi shi kaɗai.

Ruwan sama da hazo fa?

Duk abin da ya hana ka gani ya hana ta, har ma ta riga ka makancewa. A 2021 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada wasu motoci a filin gwaji tana fesa wa gilashinsu ruwa kamar ana ruwan sama. Motocin sun fita daga layinsu a kashi 69 cikin ɗari na gwajin. A lura kuma cewa gilashin kawai aka jiƙa. A ainihin damina kwaltar ma tana jiƙewa, ta koma kamar madubi, da dare fitilun masu zuwa su kwanta a kanta dogo-dogo kamar farin layi, shi kuwa layin gaskiya ya nutse a ƙarƙashin ruwa.

Hazon hunturu yana yi mata illa biyu. Yana rage nisan da take hange, sannan ƙurar tana kwanciya a kan fentin har fari ya koma launin ƙasa. Sai kuma rana: wanda ya nufi gabas da hantsi ko yamma bayan la'asar sakaliya, hasken da yake sa shi sauke marufin rana yana shiga idon kyamarar kai tsaye, ita kuwa ba ta da abin karewa. Haka shiga ƙarƙashin gadar sama da fitowa, ɗan lokacin da ido yake ɗauka kafin ya saba da sauyin haske ita ma tana ɗauka.

An ce tana iya bin layin da ba shi ba. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma wannan ya fi rashin gani muni. Wadda ba ta gani ba ta kashe kanta. Wadda ta ga ƙarya kuwa da ƙarfin gwiwa take bi.

Abubuwan da suke yaudararta sanannu ne: tsohon layin da aka kankare bai gama fita ba, dogon facin kwalta mai sheƙi da aka like tsaga da shi, sawun birki, inuwar ƙarfen gefen hanya, mahaɗar tsohuwar kwalta da sabuwa. Wurin aikin hanya ya tara su duka. Duk wanda ya bi hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano a shekarun da ake sake gina ta ya san yadda ake karkatar da motoci su koma hannu ɗaya, masu tafiya da masu dawowa, da durom ko tubalin kankare a tsakani. Fentin da ke ƙasa yana cewa wani abu, durom yana cewa wani abu dabam. Direba durom yake bi. Na'ura fenti.

Wuri na biyu shi ne inda hanya ta rabu biyu. Layi ɗaya ya buɗe ya zama biyu, tsakaninsu wani fili mai kama da kan mashi, wanda a idon kyamara yana iya zama kamar sabon layin mota. Abin da ya faru ke nan a Mountain View da ke jihar Kaliforniya ta Amurka ranar 23 ga Maris, 2018. Wata Tesla Model X da ke kan Autopilot, tsarin Tesla mai haɗa riƙe layi da sarrafa gudu, a babbar hanya ta 101 ta bi layin hagu ta shiga wannan fili, a wurin da fentin ɗaya gefen ya dushe. Da ta ga babu mota a gabanta sai ta ƙara gudu, ta daki kan katangar da ta raba hanyoyin tana kimanin kilomita 114 a awa. Direban ya rasu. Binciken NTSB, hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, ya nuna cewa akwai wasan waya a buɗe a wayarsa, cewa ƙarfen rage ƙarfin karo da ke wurin ya lalace tun wani haɗari kwana 11 kafin nan ba a gyara ba, kuma shi kansa direban ya taɓa yi wa danginsa ƙorafin cewa motar tana karkata a wannan wuri. Ya san aibin, amma sabo turken wawa.

Tana iya shan kwana?

Mai faɗi, irin na babbar hanya, eh. Mai tsanani, a'a. Da gangan aka taƙaita ƙarfin da take murɗa sitiyari da shi. Idan kwanar ta fi ƙarfinta sai ta saki, sau da yawa a tsakiyar kwanar. Kan tudu ma haka, domin kyamara ba ta ganin abin da ke bayan gangara. Shatale-tale da mahaɗar hanyoyi kuwa ba nata ba ne.

Idan na kauce wa rami sai in ji sitiyari yana gardama da ni. Lalacewa ce?

Ba lalacewa ba ce, aikinta take yi, sai dai ba ta san dalilinka ba. Ba ta ganin rami. Abin da ta gani shi ne mota tana ƙetare layi babu sigina, a lissafinta kuwa wannan kuskure ne. Haka idan ka ɗan buɗe don ba mai babur wuri, ko ka nisanci tirela, ko ka kauce wa motar da ta mutu a gefen hanya, za ta nemi maido ka wurin da kake gudu.

Ba za ta fi ƙarfinka ba. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 79, wadda Turai da Japan suke bi, ta ce ƙarfin da direba yake buƙata don ya rinjaye ta kada ya wuce niyuton 50, kwatankwacin ɗaga abu mai nauyin kilo biyar. Amma wannan ga wanda ya riƙe sitiyari da hannu biyu ne. Mai tuƙi da yatsa biyu, ɗayan hannun yana kan waya, ɗan turin nan ya isa ya firgita shi ya yi wawan murɗi.

Maganin rabin wannan gardama sigina ne. Da ka kunna ta, na'urar ta san da niyya kake fita, sai ta ƙyale ka. Direbobinmu da yawa da suke kuka da ita, in aka bi diddigi, hannunka mai sanda take yi musu kan obatekin babu sigina.

Tana ganin mutum ko dabba ko Adaidaita Sahu?

Ita kanta, a'a. Wannan aikin birkin gaggawa ne, na'ura ce dabam ko da kyamara ɗaya suke amfani da ita, kuma ita ma da nata raunin. Mai riƙe layi zai riƙe ka daram a tsakiyar layinka ko da saniya ce tsaye a ciki.

Zan iya sakin sitiyari na ɗan lokaci?

Motar za ta bar ka na daƙiƙoƙi kaɗan, amma ba izini ba ne. A ƙarƙashin waccan ƙa'ida, idan ta ji babu hannu, cikin daƙiƙa 15 za ta nuna gargaɗi a dashbod, zuwa daƙiƙa 30 ta fara ƙara, idan aka ci gaba da yin biris ta kashe kanta. Yi lissafi: a gudun kilomita 100 a awa mota tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa 15 ta haura mita 400.

Yawancin motoci ba hannunka suke ji ba, ɗan nauyin da kake sa wa sitiyarin suke aunawa. Shi ya sa a miƙaƙƙiyar hanya za ta ce ka riƙe alhali kana riƙe, shi ya sa kuma wasu marasa tunani suke saƙala gorar ruwa ko wani abu mai nauyi a sitiyari don su rufe mata baki. Wanda ya yi haka bai yaudari kowa ba sai iyalinsa. Hannu a kan sitiyari ma bai nuna ido yana kan hanya ba, wannan ne ya sa wasu kamfanoni suka ƙara kyamarar da ke kallon fuskar direba.

Ina yawan tafiyar dare. Za ta taimaka idan gyangyaɗi ya ɗauke ni?

Tana iya farkar da kai sau ɗaya ko biyu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma idan har ta fara yi maka ƙara saboda gyangyaɗi, saƙon shi ne ka nemi wuri mai aminci ka tsaya. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: mai riƙe tsakiyar layi yana rage wa direba aiki, rashin aiki kuwa yana jawo barci. Tangaɗin da a da yake nuna maka cewa ka gaji, yanzu na'ura tana share shi kafin ka ji.

Na canza gilashin gaba, tun daga nan motar take jan gefe ɗaya. Me ya faru?

Kyamarar ta goce. Tana hangen nesa ne, don haka karkatar da ido ba zai gani ba a jikin gilashi tana zama babban kuskure a can gaba. Duk lokacin da aka cire gilashi ko kyamarar, sai an sake saita ta da kwamfuta: ko dai a tsaye, a daidaitaccen daɓe, da allunan alama a nisan da kamfani ya ƙayyade, ko kuma a tuƙa motar a hanya mai layi bayyananne har ta koyi wurin zamanta. Ba kowane gareji ne yake da kayan wannan aiki ba. Gilashin ma sai ya zama irin na motar, da mazaunin kyamara daidai. Wani na kasuwa yana shiga ramin tsaf, amma yana ɗan lanƙwasa hoto.

Wannan ya shafi masu sayen motar Kwatano ko ta gwanjon Amurka kai tsaye. Toyota ta sa waɗannan na'urori a kowace Corolla ta kasuwar Amurka tun samfurin 2017 da Camry tun 2018, Honda ma haka a Accord ta 2018. Da yawa daga cikin waɗanda ake kawowa sun taɓa bugu, an gyara gaba, an sa gilashi, an yi fenti, mota ta yi kyau. Ko an saita kyamarar? Rashin fitilar gargaɗi a dashbod ba shaida ba ne, domin kyamarar da ta goce kaɗan ba koyaushe take sanin ta goce ba.

Sannan a bar manna sitika, ko baƙar leda, ko rataya wani abu a gaban idonta. Waifa da ta mutu tana barin shafi a daidai wurin ita ma a canza ta.

Lodi ko canza taya yana shafarta?

Eh. Buhuna a but suna dannar da bayan mota, gaba ya ɗaga, kyamara ta koma kallon sama. Ɗaga mota don gudun ramuka, sa tayar da ba girmanta ba, shokozoba da ta mutu, alaimen da ya goce, duk suna sauya lissafin. Bayan an yi alaimen wasu motocin suna buƙatar a sake saita ma'aunin sitiyari.

To in haka ne, tana da wani amfani kuwa?

Tana da shi, kada a ɗauka kushe ta nake yi. Cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora a Amurka ta duba rahotannin 'yan sanda a 2017, ta ga mai gargaɗin fita layi ya rage haɗurran da suka shafe shi, wato faɗuwar mota ita kaɗai, gogar gefe da taho-mu-gama, da kashi 11 cikin ɗari, waɗanda aka ji rauni a cikinsu kuma da kashi 21. Wannan rayuka ne. Sai dai a tuna a kan hanyoyin Amurka aka samu wannan adadi, inda fenti yake nan.

Ita kuma AAA a 2020 ta tuƙa motoci masu haɗa riƙe layi da sarrafa gudu na kimanin kilomita 6,400 a hanyoyin gaske, ta riƙa cin karo da matsala kusan kowane kilomita 13, kuma kashi 73 cikin ɗari na matsalolin na layi ne. Adadin biyu ba sa karo da juna. A matsayin mai tsawatarwa idan direba ya yi kuskure, tana da kyau. A matsayin direba, ba ta kai ba.

Na kashe ta, amma da na sake tayar da mota sai ta dawo. Me ya sa?

Idan motar ta kasuwar Turai ce kuma sabuwa, doka ce. Tarayyar Turai ta wajabta na'urar riƙe layi ta gaggawa a sababbin samfura daga Yulin 2022, da kowace sabuwar ƙaramar mota daga Yulin 2024, kuma dole ta kunna kanta duk lokacin da aka tayar da mota. Motocin Amurka da yawa suna tuna zaɓinka.

Kafin ka kashe gaba ɗaya, shiga saitin ka gani. Yawanci ana iya mayar da ƙara zuwa rawar sitiyari, ko a rage saurin gargaɗi, ko a bar gargaɗi a cire turin. A hanyar da ramuka suka sa kowa yake tuƙin maciji, da wurin aikin hanya, da lokacin ruwa mai ƙarfi, ni ina ganin cire turin ya fi. A sabuwar tagwayen hanya mai layi fes, a bar shi.

Autopilot da ire-irensa fa, ba su wuce wannan mataki ba?

A jerin matakan sarrafa kai na ƙungiyar injiniyoyi ta SAE, daga 0 zuwa 5, riƙe tsakiyar layi shi kaɗai mataki na 1 ne, idan aka haɗa shi da sarrafa gudu ya zama na 2. Autopilot na Tesla, Super Cruise na General Motors da BlueCruise na Ford duk a na 2 suke, wato direba ne yake tuƙi ko da hannunsa ba ya kan sitiyari. Biyun ƙarshe ma ba sa barin a saki hannu sai a manyan hanyoyin da kamfanin ya riga ya zana taswirarsu. A Disambar 2023 Tesla ta yi kiranyen motoci sama da miliyan biyu a Amurka don ƙara tsaurara sa ido kan direba. A Maris na 2024 IIHS ta gwada irin waɗannan tsare-tsare 14 kan yadda suke hana direba shagala, ɗaya tak, na Lexus, ya samu sakamako mai karɓuwa, 11 suka faɗi.

Mataki na 3, inda aka yarda direba ya ɗauke ido na ɗan lokaci, Honda ta fara shi a Japan a 2021 da motoci ɗari kacal, Mercedes ta biyo da Drive Pilot a Jamus a 2022, a kan zaɓaɓɓun manyan hanyoyi, da farko ma a gudun da bai wuce kilomita 60 ba, kuma ba ya aiki idan hanya ta jiƙe.

Ta yaya zan gane ko ta motata tana aiki daidai?

Nemi miƙaƙƙiyar hanya mai sabon layi, da rana, lokacin da babu cunkoso. Hannu biyu a sitiyari, kai gudun da littafin motar ya ambata, ka duba ko layukan dashbod sun cika. Bar motar ta matsa a hankali zuwa layin dama, ka lura da inda gargaɗin ya zo, sannan ka gwada na hagu idan babu kowa a can. Ya kamata gefe biyun su zo kusan daidai. Idan ɗaya yana kuka tun kana nesa da layi, ɗayan kuma sai taya ta riga ta hau, ko kuma mai riƙe tsakiya yana manne ka da gefe guda, kyamarar tana buƙatar saiti. Kashe turin sitiyarin har sai ka samu garejin da yake da allunan, kuma ka ce wa makanikin ya nuna maka sakamakon a fuskar kwamfutarsa kafin ka biya.